Rantsuwar da Baffa Ya Ƙi Yi

Baffa ya rasu ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, a gidansa na Dukawuya. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗi haka da aka kira ni a waya, na sake faɗa a hanya, amma in na ce zuciyata ta bi bakina na yi ƙarya. Yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni da Ummata tun ina shekara shida, lokacin da mahaifina ya rasu. Shi ya fara sa min ƙwallo a ƙafa. Kuma shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da in durƙusa a gabansa in gaishe shi yadda ɗa yake gaida uba.

Kafin a fito da shi lungun ya cika ya batse. Dukawa abokan sana'arsa sun zo da hannuwansu jajur da rinin fata, mutanen masallaci sun zo, sai kuma wasu dattawa da matasan unguwa ba su taɓa gani ba. Waɗannan su ne suka buga wa ƙungiyar jiha tare da shi a zamaninsu. Ba sai an gaya maka ba. Da aka shimfiɗa tabarmi babu wanda ya iya tanƙwashe ƙafa a cikinsu, suka jeru a jikin bango kowa ya miƙe gwiwarsa yana nishi. Wani ya ce da Baffa yana nan da ya tambaye su ko layin asibitin ƙashi ne. Aka fara dariya, sai aka tuna inda ake, aka haɗiye.

Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai farin gemu da ya zo daga Kabara, kuka yake yi sosai. Aka yi ta ba shi baki, ana cewa addu'a ta fi. Ya ce a ƙyale shi. Ya ce shi ne ya karya wa Baffa ƙafa, kuma ba tsautsayi ba ne kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Da niyya ya shige shi, don ranar Baffa ya yi ta yanka shi 'yan kallo suna ihu. Ya ce ya je asibiti ya faɗa masa gaskiya, Baffa ya ce ai ya sani tun a fili. Daga nan duk Sallah Baffa ne yake riga shi zuwa gaisuwa, da ɗingishinsa, tun daga Dukawuya har Kabara.

"Ni ya kamata in je, shi yake zuwa," in ji dattijon. "Shekara talatin mutumin nan bai bar ni na sake ba."

Da aka ajiye makara, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya cewa an yafe, Allah ya yafe mana. Ni bakina bai buɗe ba. Babu wanda ya lura, kowa kansa a ƙasa yake, amma ni na sani. Tun daga lokacin na kasa zaune na kasa tsaye, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Ina so a san wane ne Baffa, ina kuma so a san abin da ya shiga tsakaninmu, don na gaji da jin ana yabonsa ina gyaɗa kai kamar ba ni da magana a ciki.

Lamba sha ɗaya Baffa ya buga, ɗan hagu. Ni ban ga wasansa ba, ji na yi a bakin mutane, a bakinsa kuwa ko sau ɗaya. In ka tambaye shi sai ya ce ya ɗan taɓa. Bayan karayar ya koma sana'ar gidanmu, dukanci, sai dai shi bai bi jaka da takalmi ba. Ƙwallo yake ɗinkewa. Duk ƙungiyar unguwa da ƙwallonta ya fashe, daga nan har Ƙofar Mazugal, shagonsa ake kawowa. Yakan farke ta ya juyo cikinta waje, ya liƙe robar ciki, ya goga wa zare kakin zuma, ya yi ta bi da basilla. Ɗinkin ƙarshe shi ne mai wuya, don ƙwallon ta riga ta rufe, ba ka ganin abin da kake yi, da yatsa kake lalube. A nan ba ya magana da kowa. Ko mai unguwa ne ya yi sallama sai ya jira.

Akwai wani kwali mai kusurwa shida da yake ɗorawa a kan fata yana yanka faci. Sai da na girma na iya karatu na ga akwai rubutun zinare a bayansa, guntun sunansa da guntun hatimi. Takardar yabo ce da aka ba shi shekarar da suka ci kofi. Na tambaye shi me ya sa ya yanka ta. Ya ce kwalin yana da ƙwari, irinsa ba a samu yanzu. Mutane suna ba da wannan labari a matsayin tawali'u. Ni a lokacin haushi ya ba ni, na ce a raina wannan taurin kai ne kawai, kuma har yau ban gama janye maganar ba.

A masallaci wurinsa ɗaya, ƙarshen sahu ta hagu, jikin bango. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa, in ya zauna tahiya miƙe ta yake yi gefe, kuma ba ya so ta tokari kowa. An sha yi masa tayin kujera ya ce goshinsa dai lafiya lau yake, a bar shi ya kai shi ƙasa.

Da na fara wasa shi ya ɗinka min takalmin ƙwallo na farko da hannunsa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Kullum yana bakin fili. Amma fa kada ka sa ran yabo. Ranar da na ci uku ni kaɗai a gasar unguwanni, abokaina suka ɗaga ni sama, na zo wurinsa ina haki ina jiran ya ce wani abu. Ya ce na ture golan can ya faɗi ban tsaya na ɗaga shi ba, in koma in ba shi hannu. Ranar da na zubar da fenariti aka fitar da mu, unguwa duk tana zagina, shi ya ja ni ya saya min gurasa bandashe, ya zauna yana kallona ina ci ina hawaye, bai ce komai a kan wasan ba. Ko an ci ko an sha kashi, abin da yake faɗa in an hura tashi guda ne.

"To, an yi. A wanke ƙafa, magariba ta kusa."

Wallahi akwai ranakun da wannan magana take sa in ji kamar in kurma ihu. Mutum ya zuba gumi wata uku, ka ce masa an yi. Na taɓa ce masa shi ba ya jin daɗi ne, ba ya jin zafi? Ya ce yana ji mana, ai ba dutse ba ne. Ya ce kawai ya lura ranar da aka ɗaga shi sama da ranar da aka ɗauke shi a kan gadon marasa lafiya, mutane huɗu ne suka ɗauke shi duk biyun, kuma a cikinsu babu ranar da ya zaɓa da kansa.

Yanzu ga abin da ya raba mu.

Ina shekara ashirin da biyu wani dillalin 'yan wasa, irin waɗanda muke ce wa ejan, ya zo kallon gasa ya zaɓi mutum biyu: ni da wani abokina ɗan maƙwabtanmu. Gwaji ne a ƙasar waje, a makarantar horon wani kulob. Sharaɗi ɗaya ne, 'yan ƙasa da sha takwas suke ɗauka. Ejan ya ce wannan ba komai ba ne, kowa haka yake yi. A je kotu a yi takardar shekaru a mayar da ni sha bakwai, uba ko wanda yake matsayin uba ya sa hannu ya rantse, shi ne kuma zai sa hannu a takardar amincewar tafiya. Ni ƙaramin jiki ne da ni, ko gemu ban fara ba. Baban abokina washegari ya je ya yi nasa.

Na sami Baffa a shago da hantsi, majalisarsa a cike. Kuskurena na farko ke nan, da na jira ya keɓe. Na yi masa bayani ina murna. Ya saurara har na gama, basilla a hannunsa, sannan ya ce ba zai iya ba.

Na ce ba fa Alƙur'ani za a ɗora masa ba, sa hannu ne kawai akawu ya buga hatimi. Ya tambaye ni me aka rubuta a saman takardar. Na ce rantsuwa. Ya ce to.

Na yi magiya. Na ce shekara biyar ce kawai, wa aka cuta? Ya ce an cuci wani ɗan sha bakwai na gaske da za a ajiye a ɗauke ni, ko ba mu san sunansa ba. Sannan ya daki ƙafar da tafin hannunsa.

"Satin da aka haife ka aka karya wannan. Da sanda biyu na zo sunanka, ni na yi maka huɗuba. Duk safiya in na taka ƙasa sai ta gaya min shekarunka. Ka ce in je in rantse ban sani ba?"

A nan ne na faɗi abin da na faɗa. A gaban abokansa, a gaban masu jiran ƙwallo, na ce masa shi ya karye shi ya sa yake so kowa ya karye. Na ce baƙin ciki yake yi kada in kai inda bai kai ba. Wani dattijo ya yunƙura zai mare ni, Baffa ya ɗaga masa hannu. Bai kalle ni ba. Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya sunkuya ya ci gaba da ɗinkinsa.

Na nemi wani dangi ya tsaya min a madadinsa, har na samu wanda ya yarda. Umma ta ji, ta kira ni ta ce in na tsallake Baffa na yi wannan takarda ba da yawunta ba, kuma ba ta yafe ba. Shi ke nan. Abokina ya tafi shi kaɗai.

Kuma ya dace, kada a ce na ɓoye. Da labarin irin na wa'azi ne da sai in ce ya je ya wulaƙanta. Bai wulaƙanta ba. Ya buga shekara takwas a waje, ya gina bene, ya kai iyayensa Makka, in ya zo hutu yara suna bin motarsa. Kuma ba don ni na faɗa ba, kowa a filinmu ya san na fi shi. Ni kuwa na yi ta yawo a ƙananan kulob, wata a biya wata a ba da haƙuri, har gwiwa ta fara magana. Yanzu ina koyar da motsa jiki a wata firamare, da yamma ina horar da ƙungiyar unguwa. Ba na bara, alhamdu lillahi. Amma duk ranar da na wuce ta gaban benen nan fuskar Baffa nake gani.

Na bar gidan na kama ɗaki. Na sauya lungun da nake bi. In Sallah ta zo nakan shiga cikin ayarin 'yan uwa in tsaya a baya, in motsa baki, in fice. Da na yi aure shi ya karɓa min auren, don babu yadda za a yi, ya kuma yi komai kamar ba abin da ya faru, wannan ma ya ƙara min haushi. Na so a ce ya yi fushi. Na so ya aiko a zage ni, in sami abin riƙewa. Ko a jikinsa. Ƙwallayen ƙungiyata in sun fashe nakan ba wani ya kai wani wurin, sai in ga sun dawo da ɗinkin da na sani, ashe can ɗin ma shi suke kai wa. Wasanninmu kuma ba ya fashi. Yakan tsaya can bayan raga ta nesa, wajen tsohuwar ganuwa, ya jingina da sandarsa. Ina ganinsa, yana ganina. Kafin a tashi ya tafi.

Da ciwo ya kwantar da shi sau uku yana aikowa in zo. Na farko na ce muna da wasa. Na biyu na ce sai Juma'a. Na uku ranar Litinin ne, babbar 'yarsa ta kira ni da kanta, ta ce min kai wane irin mutum ne. Na ce gobe in an tashi daga makaranta. Kuma har ga Allah na yi niyya. Ina cikin sa takalmi aka kira ni.

Bayan addu'ar uku, da baƙi suka ragu, Inna matarsa ta aiko in shigo. Da hantsi ne. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu, ni na tsuguna a tsakar gida. Matar nan ta yi min wanka ina yaro, ta san ni ciki da bai, ba ta tsaya kewaye-kewaye ba. Ta ce ta san ina ɗauka Baffa ya ƙi ni ne ya juya ya yi barcinsa. Ta ce to in buɗe kunne.

Ta ce kwana biyu bayan rigimarmu ya sa rigarsa ta Juma'a ranar da ba Juma'a ba, ya ce mata zai je kotu. Ya je ya bi layi, da aka kusa zuwa kansa ya fita ya dawo gida. Bai ci abinci ba ranar. Bayan kwana uku ya sake komawa. A wannan karon har teburin akawu ya kai, aka cike takarda da shekarun da ejan ya ce, aka miƙa masa biro. Ya ce a karanta masa da Hausa tukuna. Akawu ya fara karantawa, ni wane ɗan wane na rantse. Baffa ya ajiye biron ya ba da haƙuri ya fito. Ta ce da ya shigo gida zama ya yi a nan inda nake tsugune, ya cire hula, ya yi kuka irin wanda ba ta gani ba ko ranar da aka karya shi.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya min. Ta ce shi ya hana. Ya ce in na ji har ya kai teburi zan sa rai, in dawo in matsa masa, kuma bai tabbata zai iya ƙi karo na uku ba.

Ta ce shekarun nan duka, duk lokacin da labarin abokina ya zo, ko an ce ya ci ƙwallo ko an ce ya sayi fili, Baffa ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya shiga ya fita, ya ɗauki aiki ya ajiye. Sai ya tambaye ta ko tana ganin ya cuce ni. Takan ce masa arziki na Allah ne, abin da ba rabon mutum ba ba zai same shi ba. Sai ya ce ya sani, ai shi ma abin da yake gaya wa mutane ke nan.

Ni da na ɗauka mutumin nan an cire masa jijiyar damuwa. Duk unguwa haka ta ɗauka, shi ake misali da shi in ana maganar tawakkali. Ashe kullum sai ya sake ɗaura shi da safe kamar yadda yake ɗaure gwiwarsa.

Na tambaye ta abin da ya so gaya min da yake ta aike. Ta ce ba wai zai ce ya yi kuskure ba ne, kada in yi wannan tunanin. Ya faɗa mata ko yau aka dawo da takardar ba zai sa hannu ba.

"Cewa ya yi in gaya maka bai taɓa yi maka baƙin ciki ba. Ya ce ka fi shi ƙafar hagu nesa ba kusa ba, bai faɗa ba ne don kada kanka ya kumbura. Kuma ya ce ko gaskiya ce mutum ya tsaya a kai, in ta danne wani ya ji ciwo, ana neman afuwarsa. Shi yake so ya nema."

Na tashi na fita ko sallama ban yi ba, na miƙe a ƙafa har maƙabartar Ƙofar Mazugal, rana tana dukana. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa, ina rushewa. Har yanzu ban ce na daina jin zafin tafiyar nan da ban yi ba. Ina ji. Wataƙila in mutu ina ji. Amma maganar da na jefe shi da ita a gaban mutane ƙarya ce, ya kuma ɗauke ta shekara goma sha ɗaya bai mayar min ba.

Da na shiga sai na tsaya turus. Ranar jana'iza can baya na maƙale, ban shiga cikin masu saka shi ba, ban zuba ƙasa ba, bayan mutane kawai na gani. Yanzu ga sababbin kaburbura a jere, duk ƙasa ɗaya, duk tsawo ɗaya, babu alama a kan ko ɗaya. Na nemo mai kula da wurin na ce masa na ranar Talata da la'asar, daga Dukawuya. Ya duba, ya sosa kai, ya ce ranar an kawo da yawa. Ya nuna min guda uku a jere ya ce lallai cikin waɗannan ne, amma ba zai ɗauki alhakin cewa wannan ne ba.

Na tsuguna a gaban na farko na yi sallama. Na ce Baffa na yafe, ni ma ka yafe min. Na matsa gaban na biyu na faɗa. Na matsa gaban na uku na sake faɗa. Bayin Allah biyu da ban sani ba sun sami addu'ata ranar, Allah ya kai musu. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ƙafar nan ta miƙe a inda ya je, ya sa kuma yana cikin ukun.